Daga Gonakin Kura Da Madobi Zuwa Farantan Sabon Gari

A da can, a ƙasar Hausa, abin kunya ne a ga magidanci ya zauna gaban mai tuwo-tuwo yana cin tuwon saye. Wannan abincin gwauro ne, da matafiyi, da ɗan ƙwadagon da dare ya yi masa nesa da gida. Wanda ya ajiye iyali kuwa, in aka gan shi da kwanon saye a hannu, to, kafin gari ya waye magana ta zaga unguwa, har dattawa su aika a tambaya ko lafiya gidan yake. Yau kiɗa ya sauya. Ma'aikaci ya fita tun asuba ba zai dawo ba sai bayan faɗuwar rana, matarsa ita ma tana makaranta tana koyarwa ko tana asibiti a bakin aiki, manomi ya kai kaya birni dole ya jira ciniki ya faɗa. Ciki kuwa ba ya jiran kowa. Har ma an kai ga iyali sukan yi kwalliya ran Lahadi bayan an tashi sujada, su nufi gidan abinci da gangan, don a sauya baki, uwargida kuma ta huta da hura wuta.

A jihar Kano, in ana maganar unguwar da ba ta barci da wuri, wadda ake samun abincin kowace kusurwa ta Nijeriya a cikinta, to, Sabon Gari ake nufi. Masu karatunmu na Madobi da Kura da Bunkure da Garun Malam sun san ta sarai, gama can wasu dangi suke, can ake zuwa manyan tarurrukan ikkilisiya, can kuma ake hawa motar kudu. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne, rabo mai yawa na abin da ake zuba wa mutum a faranti a can, daga gonakinsu ya fito. A wannan mako za mu bi wannan faranti tun daga bakin kanal har zuwa teburin mai abinci, mu ga wanda ya sha wahala, da wanda ya ci riba, da kuma abin da ya kamata mai shiga gidan abinci ya kiyaye.

YADDA UNGUWAR TA SAMO ASALI

Jirgin ƙasa ya iso Kano a shekarar 1911. Tare da shi ne akawuna da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa suka yi ta kwararowa daga kudancin ƙasar nan, har da mutanen Saliyo da na Gwalkwas, watau ƙasar Gana ta yau. Turawan mulki ba su so waɗannan baƙi su zauna a cikin ganuwa ba, sai suka keɓe musu fili a waje wajen shekarar 1913, aka yanka tituna a miƙe kamar an ja da zare. Har gobe sunayen titunan suna ba da labarin waɗanda suka zo: akwai Gold Coast, da Freetown, da Abeokuta, da Enugu, da Warri, ga kuma France Road da New Road waɗanda su ne manyan jijiyoyin unguwar.

Da yawa daga cikin baƙin farko samari ne, ko magidantan da suka baro iyali a gida. Mutum ya tashi daga aiki, ba mai dafa masa, bakinsa kuma bai saba da miyar kuka ba. Nan mata masu hankalin kasuwanci suka ga ƙofa. Suka kafa rumfuna, suka ɗora tukwane, kowace tana dafa irin abincin garinsu ga 'yan garinsu. Wani abin sha'awa shi ne, kalmar “buka” da mutanen kudu ke kiran irin waɗannan wurare da ita, daga “bukka” ta Hausa aka aro ta, kamar yadda “suya” ta bi mahauta har Ikko da Fatakwal ta zauna daram a bakin kowa.

Unguwar ta ga tashin hankali iri-iri. A shekarar 1966 dubban mazaunanta suka gudu, aka shiga yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, bayan yaƙi kuma da yawa suka dawo suka sake buɗe shagunansu. Babbar kasuwarta, wadda ke ɗauke da sunan Muhammadu Abubakar Rimi, gwamnan Kano daga 1979 zuwa 1983, ta yi mummunar gobara a watan Maris na 2016. Duk da haka, kowane lokaci ƙura ta lafa, mai abinci tana cikin waɗanda ke fara fito da benci, domin masu gyara abin da ya rushe su ma sai sun ci.

ABIN DA MAI SHIGA ZAI TARAR

Da sassafe unguwar ta mai shayi ce da mai ƙosai. Teburin mai shayi ya wuce shayi da burodi tun da Indomie ta shigo, yanzu kasko ba ya hutawa da suyar ƙwai. Kusa da tashar New Road, inda manyan motocin safa ke lodin Anaca da Aba da Ikko, matafiya sukan cika cikinsu kafin doguwar tafiya, 'yan kamasho da masu ɗaukar kaya kuma su ne kwastomomin kullum.

Da rana ta take sai bukoki su cika. A nan ba a miƙa wa mutum takardar jerin abinci. Tukwane ne a jere a gabansa, ya nuna da yatsa: malmala nawa, wace miya, yanka nawa. Wurin Bayarabiya za a sami amala da miyar ewedu da ta wake. Wurin matar Ibo akwai sakwara da teba, da miyar agushi, da ogbono mai yauƙi, da miyar shuwaka. Matan Filato da kudancin Kaduna sukan yi gwate da tuwon acca. Bahaushiya kuma tana nan da tuwon shinkafa da miyar taushe, da ɗanwake, da shinkafa da wake da mai da yaji, wadda yaran Kano ke kira garau-garau. Kowace mai abinci, ko yarinya ce, “Mama” ko “Madam” ake ce mata, kuma wanda ya saba da wuri shi ne ke iya cewa, “Mama, a yi mini gyara mana,” a ƙara masa ɗan romo ba a caje shi ba.

Da dare ne unguwar ke nuna kanta. Ana fito da kujerun roba har bakin titi, fitilu su kama, kiɗa ya tashi daga kowane lungu, 'yan adaidaita sahu suna ta kutsawa tsakanin jama'a tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a farkon 2013. Lokacin farfesu ke nan, na kayan ciki, da na kan akuya irin na Ibo da suke kira isi-ewu, da na ƙafar saniya, da na tarwaɗa wadda ake ajiyewa da rai a cikin baho, mai saye ya nuna wadda yake so a yanka masa a gabansa. A bakin ƙofar kusan kowane irin wannan wuri kuwa akwai mahauci da tukubarsa, yana juya tsire da balangu, yana yanka albasa da tumatir da kabeji a takarda.

Ba Sabon Gari kaɗai ba ce. Titin Gidan Zu ya zama wurin fitar matasa da iyalai, da gidajen kaza da shawarma da kayan sanyi. A Bompai da Nasarawa akwai gidajen abincin Kwarori da na Sin da na Indiya, inda ake zama a cikin sanyin na'ura, yaran sabis su kawo takarda mutum ya zaɓa. Cikin birni kuma gurasa ce sarauniya, musamman bandashe da aka jiƙa aka barbaɗa mata ƙuli-ƙuli da yaji. Amma inda talaka da mai hali, Bahaushe da Bayarabe da ɗan Binuwai ke iya haɗuwa a benci ɗaya, babu kamar Sabon Gari.

RUWAN TIGA A CIKIN KOWACE MIYA

To, mu koma gida. Kafin shekarun 1970, manomin Kura ko Bunkure damina ɗaya yake da ita. In ya girbe gero da dawa da gyaɗa, sai ya rataya garma, samari su tafi cin rani. A zamanin gwamna Audu Bako aka gina madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano, aka fara a 1971 aka gama a 1974, tafki mai ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Daga nan aka ja babban kanal ya gangaro, ya rarrabu zuwa ƙananan magudanai da ke shiga gonaki ba tare da inji ba, gangaren ƙasa ne ke tura ruwan. An tsara kashin farko na shirin ya shayar da kimanin hekta 22,000 a yankin Kadawa da Kura da Bunkure, kuma tun 1976 Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are ce ke kula da shi. A Kadawa akwai tashar binciken noman rani ta Jami'ar Ahmadu Bello. Inda kanal bai kai ba, kamar wasu fadamun ƙasar Madobi, manoma sukan haƙa rijiyar burtsatse su ja ruwa da ƙaramin inji.

Wannan ruwa ne ya sauya abincin Kano. Da damina shinkafa, da sanyin hunturu alkama da tumatir da tattasai da attaruhu da albasa, sa'an nan masara ɗanya da kokwamba da kankana. Lokacin da gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, Kadawa na cikin wuraren da aka sa wa ido su cike giɓin, har aka janye dokar a farkon shekarun 1990. Garin Kura kuwa ya zama cibiyar shinkafa. Mata suna turara shanshara a cikin manyan tukwane da durom, a shanya, a kai injin casa, a auna a buhu. Da aka rufe iyakokin ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, shinkafar waje ta yi wuya, masu abinci da yawa da ke raina 'yar gida saboda tsakuwa dole suka koma mata, masu injin kuma suka shiga sayen na'urar tsince tsakuwa.

Tumatir yana haɗuwa a Kwanar Gafan, a kan hanyar Zariya. Da kakarsa, kwanduna ne jere iyakar ganin ido. Manyan motoci su ɗauka zuwa kasuwar Mile 12 ta Ikko da sauran biranen kudu, ƙanana su haye gadar Tamburawa su shiga 'Yan Kaba, inda masu abincin Sabon Gari ko yaransu ke sammakon saye. Saboda haka, ɗan Kura da ya zauna a France Road aka zuba masa shinkafa da miyar dage-dage, zai yiwu ƙanwarsa ce ta turara shinkafar, shi kuma da hannunsa ya tsinki tumatirin.

ME YA SA FARANTI YA FI KWANDO TSADA?

Manomi yakan ji haushi in ya ga kuɗin da aka caje shi a faranti ɗaya, ya tuna yadda ya yi ta roƙon dillali a kan kwando guda. Yana da gaskiyarsa. Tumatir ba ya jira. Kowa ya shuka lokaci ɗaya, kowa ya tsinka lokaci ɗaya, kasuwa ta cika, kaya kuma in ya kwana biyu a rana ya fara ruwa. Mai saye ya san haka, shi ya sa yake ja da baya har manomi ya sallama. Wanda ya ƙi sai ya yanka ya shanya a ƙasa ya yi kauɗa. Bayan 'yan watanni, da damina ta sauka, tumatirin nan da aka zubar a bakin titi shi ne ke zama zinariya, amma a lokacin ya bar hannun wanda ya noma shi.

An sa rai kamfanin tumatirin gwangwani na Ɗangote da aka buɗe a Kadawa a 2016, wanda aka gina don ya niƙa tan 1,200 a rana, zai tsayar da wannan asara. A shekarar ce kuma tsutsar nan da manoma suka laƙaba wa suna “sharon” ta afka wa gonaki ta cinye ganye da 'ya'ya, tumatir ya yi tsadar da ba a saba gani ba, kamfanin ya rasa kayan aiki ya tsaya. Tun daga nan ya yi ta buɗewa yana rufewa. Ga kuma kacala da taɓo da kan toshe magudanai, wanda gonarsa ke ƙarshen kanal ya yi ta jiran ruwa, ga tsadar taki da maganin feshi.

Amma kada mu ɗauka mai abinci ce ke kwashe ribar. Mu lissafa mata. Akwai kuɗin hayar shago, wanda a Sabon Gari ba wasa ba ne. Akwai gawayi ko itace ko iskar gas. Akwai ruwa, gama famfo ba ya zuwa kullum, sai 'yan garuwa. Akwai man janareta in tana da firji da fanka. Akwai albashin mai daka sakwara, da mai wanke-wanke, da yaran sabis, ga masu karɓar haraji iri-iri. Nama da kifi da man gyaɗa da manja kuwa su ne ke cin rabo mafi girma, tumatir ɗan kaɗan ne a cikin lissafin. Da aka yi ƙarancin takardun naira a farkon 2023, wadda ba ta da asusun karɓar tiransifa ta ga abinci ya kwana a tukunya. Da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin dakon kowane buhu ya tashi, kuma a tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci a ƙasar nan ta haura kashi 40 cikin 100. Mai abinci ba ta iya ƙara kuɗi kullum, don kwastoma zai gudu. Abin da take yi shi ne ta rage girman malmala, ta ƙanƙanta yanka. Manomi da mai abinci, ashe, jirgi ɗaya ya kwaso su. Abin da ke tsakaninsu, watau dako da dillanci da asarar kayan da ke ruɓewa a hanya, shi ne ke cinye kuɗin.

Akwai darasi a nan ga ƙungiyoyin manoma da na zumuntar mata. Mai abincin da ke dafa buhu a 'yan kwanaki tana neman wanda zai riƙa kawo mata shinkafa mai tsabta a kan kari. Mata goma a Kura ko Madobi da suka haɗa kai, suka tsince shinkafarsu da kyau, suka riƙe alkawari, za su iya kai mata kai tsaye, su raba la'adar dillali tsakaninsu da ita. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

BUKOKIN BAKIN HANYA

Ba sai an je birni ake cin abincin saye ba. Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya ya san Karfi da Kura da Ciromawa da Kwanar Ɗangora, inda direbobi ke tsayawa. Akwai masara gasasshiya da dafaffiya, da rake, da waina, da fura da nono, da tsire. A lokacin dashe da yankan shinkafa kuma, 'yan ƙwadago na zuwa daga nesa, mata su dafa ɗanwake da dambu da shinkafa da wake a kai musu har bakin gona. Da wannan sana'a gwauraye mata da yawa suke ciyar da marayu, suke biyan kuɗin makaranta.

Sai dai akwai abin dubawa. Wa ke ɗaukar kwanon zuwa bakin titi? Sau da yawa yarinya ce 'yar shekara goma ko sha biyu, a lokacin da sa'o'inta ke aji, tana gudu tsakanin manyan motoci, tana cuɗanya da mazan da ba ta sani ba har dare. Haka nan a Sabon Gari, 'yan matan da ake kwasowa daga ƙauyuka da sunan aikin gidan abinci, wasu a cikin shagon suke kwana, ba albashin kirki, ba makaranta. Iyayen da za su ba da 'yarsu, ya kamata su taka da ƙafarsu su ga wurin, su san irin kwastomomin da ke zuwa da dare, su san wanda zai tsaya mata in wani abu ya taso.

LAFIYA UWAR JIKI

A shekarar 2021 cutar amai da gudawa ta kama mutane fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, Kano kuwa tana cikin jihohin da abin ya fi shafa. A wannan shekara ce kuma aka kwantar da ɗaruruwan mutane a asibitocin Kano, wasu suka rasu, bayan sun sha lemon da aka haɗa da gurɓataccen garin ɗan tsami. Waɗannan abubuwa biyu sun isa su koya mana cewa haɗarin cin abinci a waje ya fi yawa a cikin ruwa da abin sha, da kuma abin da ba a dafa ba.

Ga abin da muke ba masu karatu shawara su duba. Abincin da aka sauke yanzu, yana tururi, ya fi wanda ya wuni a buɗe ƙuda na bi. Wurin da jama'a ke layi, tukunyarsa ba ta kwana. A leƙa inda ake wanke kwanuka: in baho ɗaya ne tun safe, ruwan ya yi kauri, to, a nemi wani wuri. Kwanon wanke hannu da kowa ke tsoma hannu a ciki ba ya wanke komai, gara a zuba wa mutum daga buta, da sabulu. Latas da kabeji da kokwamba ɗanyu ake cinsu, kuma wasu lambunan cikin birni da ruwan kwata ake ba su, saboda haka in ba a amince da wankin ba a haƙura da su. Zoɓo da kunun aya da aka ɗura a tsofaffin robobi, a san wadda ta yi. Mai hawan jini ko ciwon sukari kuma ya tuna cewa mai abinci ba ta san da ciwonsa ba, gishiri da dunƙule da mai take zubawa don baki ya ji daɗi.

Manomanmu su ma suna da hannu a wannan. Wanda ya yi feshi yau ya tsinka gobe, ko ya zuba maganin ƙwari mai ƙarfi a cikin buhun wake don ya ajiye, ya sani wani ne zai ci, watakila ma ɗansa da ke karatu a birni. Kowane magani yana da kwanakin jira a rubuce a jikinsa. A tambayi malamin gona.

ZAMA DA MAƘWABTA

Ba za mu ɓoye ba, dare a Sabon Gari ba farfesu kaɗai ba ne. Wurare da yawa da ke sayar da abinci suna sayar da giya. Jihar Kano ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a shekarar 2000, aka kafa hukumar Hisba a 2003, kuma an sha ganin ta kama motocin giya ta farfasa kwalabe a bainar jama'a. Mai fita da iyali ya zaɓi wuri da lokaci. Akwai gidajen abinci da yawa da ba sa ajiye kwalba ko ɗaya, kuma tsakar rana zuwa la'asar ya fi dacewa da yara. Matashin da ya sayar da shinkafarsa ya shigo gari da kuɗi a aljihu shi ya fi bukatar wannan gargaɗi. Kwaɗayi mabuɗin wahala, kuma an ga wanda ya cinye gumin rani guda a mako ɗaya.

Mazauna unguwar ba su manta da ranar 18 ga Maris 2013 ba, sa'ad da bam ya tashi a tashar New Road, ko daren 29 ga Yuli na wannan shekara, sa'ad da aka kai hari wuraren da jama'a ke shan iska. Kirista da Musulmi duka sun rasa 'yan'uwa, gama duka suna cin abinci a wurin, duka suna neman abinci a wurin. Mu dubi farantin da kansa. Bahaushen Kura ya noma shinkafar, Bafulatani ya kiwata saniyar, mahaucin Fagge ya yanka, manja ya hau mota daga kudu, matar Ibo ta dafa, ɗan Zuru ko ɗan Kagoro ya ci ya biya. In ɗaya ya janye hannu, sauran duk sun ji a jikinsu. Shi ya sa mai abinci mai hankali take sayen naman yankan mahauta don kowa ya ci hankali kwance, shi ya sa kuma da watan azumin maƙwabtanmu ya kyautu mai ci da rana ya shiga daga ciki, kada ya zauna a bakin titi yana lasar yatsa a gaban mai ƙishirwa. Ladabi ne, ba ya rage wa kowa komai.

MAGANA GA MAGIDANTA

Daga ƙarshe, ga maganar da ta fi damun iyaye mata, kuma sukan kawo ta gaban dattawan ikkilisiya. Akwai magidancin da zai bar kuɗin cefanen da bai kai na yanka biyu ba, ya fita ya zauna shi kaɗai gaban farfesun tarwaɗa da lemo mai sanyi, ya dawo gida ya ce ya ƙoshi, yara kuwa sun kwanta da tuwo da miyar da ba ta ga nama ba. Tsohuwar kunyar nan ta cin tuwon saye, ko da ta takura wa mutane, wannan ne take karewa. Yanzu da kunyar ta tafi, lissafi ne zai maye gurbinta. Kowa ya zauna ya tara abin da yake kashewa a waje a wata guda, ya aza shi kusa da kuɗin makarantar ɗansa ko kuɗin buhun taki, ya ga abin da zai gani.

Wannan ba ya nufin a ƙaurace wa gidan abinci. Ma'aikaci dole ya ci da rana, matafiyi ma haka, mai abinci kuma sana'arta halal ce, tana ciyar da gidaje da yawa. Fita da iyali lokaci-lokaci, bayan girbi ko da Kirsimeti ko ranar da yaro ya ci jarrabawa, abu ne mai kyau. Uwargidan da ta shekara a gaban murhu ta cancanci ranar da wani zai dafa ta ci. Yara su ɗanɗana amala da sakwara, su san cewa ƙasar nan tana da faɗi, su kuma ji daga bakin mahaifinsu cewa shinkafar da ke gabansu daga gonar garinsu ta fito. A tambayi kuɗi kafin a zauna, a ci daidai aljihu, a gode wa wadda ta dafa, a yi wa yaran sabis magana da mutunci. Wanda kuma aiki ya sa ya ci shi kaɗai, ya tuna da mai tukuba a bakin ƙofa, ya sa a ƙunsa masa tsire ko na yara ne, ya shiga gida da shi a hannu.

Allah ya ba manomanmu albarkar rani da damina, ya kuma ba mu lafiyar cin abin da muka noma.